Ƙwayar Ayaba a Cikin Dutse: Ina Rabon Nijar?

A kasuwannin Magariya da Dungas, citta mai yatsu baƙuwa ce, daga kudancin Kaduna ake kawo ta. Ita da citta mai ƙwaya da gangamau da ayaba duk zuriya ɗaya ne a wajen masana tsirrai, wadda suke kira Zingiberales. Mu dai mun ɗauke su kayan kudu. Duwatsu kuwa wani labarin suke bayarwa.

Ayabar da muke ci ba ta da ƙwaya, sai ɗigo-ɗigon baƙi a tsakiyarta. Ta daji kuwa cike take da ƙwayoyi masu taurin tsakuwa, taurin nan ne ya sa suka daskare a cikin laka har suka iso gare mu. A jihar Karolina ta Arewa a Amurka an tono ƙwayoyin Spirematospermum, wani tsiro na wannan zuriya, masu zane a murɗe a jikin ɓawonsu, da suka kai kimanin shekara miliyan 80. A 1993 masana biyu, Manchester da Kress, suka bayyana Ensete oregonense, ayabar daji mai shekara miliyan 43 daga Oregon, inda yau hunturu ba zai bar ta ta rayu ba. A Turai ma dangin nan sun daɗe kafin sanyi ya kore su. Ashe ɗumi da danshi suke bi, kamar yadda lambun Korama ke rayuwa muddin ruwa na kusa da baki.

To ina Afirka a wannan lissafi? Kusan duk fitattun samfuran daga Turai da Amurka da Indiya suke. A ganina taswirar inda masu bincike suka durƙusa suka duba ce, ba lallai ta inda tsiron ya rayu ba. Nijar ta yi suna da Gadufawa, inda Philippe Taquet da Paul Sereno suka haƙo ƙasusuwan manyan dabbobi, amma ƙashi shi ke jan kuɗi da kyamara. Ƙwaya sai an tankaɗe ƙasa da rariya. Duwatsun Gadufawa ma, masu kusan shekara miliyan 110, sun girme wa ƙwayar dangin nan mafi tsufa da aka sani.

Yashin Magariya kuwa, na kwarin Tafkin Chadi, ya yi ƙuruciya ƙwarai. Inda shekarun suka dace shi ne Adar da Dukamaje ta Sakkwato. Ya kamata ɗaliban ilimin ƙasa na Jami'ar André Salifou ta Damagaram da ta Abdou Moumouni su nufi can, su tafi da rariya.