Ƙirƙirar manhajar waya da kula da uwar garke: Abubuwan da ya kamata ma'aikaci ya sani

Kowace manhajar wayar hannu da ke aiki da intanet tana da ɓangarori biyu. Na farko shi ne wanda mutum ke saukewa a wayarsa yana latsawa. Na biyu shi ne kwamfutocin da ke nesa, waɗanda ake kira uwar garke, masu karɓar buƙatun wayar, su adana bayanai, sannan su mayar da amsa. Mai ƙirƙirar manhaja ne ke gina na farko, mai kula da tsarin kwamfuta kuma ke riƙe da na biyu. Sakacin ɗayansu yakan rusa aikin ɗayan, domin manhajar banki komai kyawunta ba ta da amfani idan uwar garke ta tsaya ranar biyan albashi.

Zaɓen dandali da harshen rubutu

Manyan tsare-tsaren wayoyi biyu ne: Android na kamfanin Google da iOS na kamfanin Apple. A Najeriya mafi yawan wayoyin zamani Android suke amfani da shi, saboda haka mai ƙaramin jari da ke neman kasuwar cikin gida zai fi cin riba idan ya fara da shi. Tun shekarar 2019 Google ya bayyana Kotlin a matsayin harshen da ya fi so a rubuta manhajar Android da shi, Apple kuma ya fito da Swift a 2014. Wanda ke son rubutu ɗaya ya yi aiki a wayoyin biyu yana iya ɗaukar Flutter na Google ko React Native da Facebook ya fitar a 2015.

Akwai kuɗin rajista da ya kamata a sa cikin lissafi. Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple kuma dala 99 a kowace shekara. Haka nan wajibi ne a ajiye rubutun manhaja a tsarin Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, domin yana riƙe tarihin kowane canji, yana kuma ba da damar komawa baya idan sabon gyara ya ɓata aiki.

Gina manhaja daidai da wayoyin jama'a

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a gwada manhaja a waya mai tsada da intanet mai ƙarfi kaɗai. Mai amfani na gaskiya sau da yawa yana riƙe da waya mai ƙaramar ma'adana, yana sayen data kaɗan-kaɗan, kuma sabis na ɗaukewa yana dawowa. Don haka a rage nauyin manhaja, a matse hotuna kafin a tura su, a kuma adana muhimman bayanai a cikin wayar ta yadda za a iya ci gaba da aiki ko babu intanet, sannan a aika da su idan sabis ya dawo.

Wannan batu ya fi tsanani a manhajar da ake biyan kuɗi da ita. Idan sabis ya yanke bayan mutum ya latsa maɓallin biya, yakan sake latsawa. Maganin cire kuɗi sau biyu shi ne a bai wa kowace hada-hada lamba ta musamman tun daga wayar, uwar garke kuma ta ƙi aiwatar da lamba ɗaya fiye da sau ɗaya.

Manhajar da za ta ɗauki rubutun Hausa tana buƙatar tsarin haruffa na UTF-8 tun daga wayar har rumbun bayanai, in ba haka ba haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya. Ya kamata kuma wurin bincike ya gane cewa wanda ya rubuta "kasa" wataƙila "ƙasa" yake nema, tunda ba kowa ke da waɗannan haruffa a allon rubutunsa ba.

Izini da bayanan mutane

Tun daga Android 6.0 da ya fito a 2015, manhaja tana neman izinin kyamara ko wurin da mutum yake ko lambobin wayarsa ne a lokacin da take buƙata. Ƙa'ida ita ce kada a nemi abin da aikin bai buƙata ba. A Najeriya wannan lamari ya shiga doka, domin a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa. Dokar ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan.

Kada a taɓa rubuta kalmar sirri ko mabuɗin uwar garke a cikin manhajar da ake rabawa, domin ana iya warware ta a karanta. Duk saƙon da ke tsakanin waya da uwar garke ya bi ta HTTPS. Ana samun takardar shaidar tsaro kyauta daga Let's Encrypt, sai dai wa'adinta gajere ne, don haka a saita sabuntawa ta atomatik.

Sabunta uwar garke

Aikin farko na mai kula da tsari shi ne sanya gyare-gyaren tsaro da zarar sun fito. A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta rufe kwamfutoci a ƙasashe da dama, ciki har da na asibitocin gwamnati a Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganin matsalar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su sabunta ba.

Amma sabuntawa ma tana da nata haɗari. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani gyara mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, lamarin da ya tsayar da jiragen sama da ayyukan bankuna. Darasin shi ne a fara gwada kowane gyara a kwamfutar gwaji, sannan a sanya shi kashi-kashi. Google Play ma yana ba da damar sakin sabon salon manhaja ga wani kaso na masu amfani kafin ya isa ga kowa.

Ajiyar kwafin bayanai

Masana sun daɗe da amincewa da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku na bayanai, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban, saboda gobara ko sata ko ambaliya. Sai dai ajiya ba ta cika ba sai an gwada dawo da ita. A ƙarshen watan Janairun 2017 wani injiniya a kamfanin GitLab ya goge babban rumbun bayanai bisa kuskure, aka tarar hanyoyin ajiya da dama ba sa aiki, kamfanin ya yi asarar bayanan kimanin sa'o'i shida. Ya dace a ware rana a kowane wata a dawo da kwafi a wata kwamfuta a tabbatar yana buɗewa.

Ƙofofin shiga da sa ido

A shiga uwar garke da mabuɗin SSH maimakon kalmar sirri, a hana shiga kai-tsaye da asusun da ke da cikakken iko, a rufe duk ƙofar da ba a amfani da ita. Kowane ma'aikaci ya samu ikon da aikinsa ke buƙata kaɗai, kuma a soke asusunsa ranar da ya bar aiki.

Haka kuma a kafa na'urar da za ta aika gargaɗi idan ma'adana ta kusa cika ko uwar garke ta daina amsawa, domin ma'adana cikakkiya na daga cikin dalilan da suka fi tsayar da aiki. A saita agogon uwar garke a kan lokacin UTC, wanda Najeriya ke gabansa da sa'a ɗaya, don rajistar abubuwan da suka faru ta daidaita yayin binciken matsala. Inda uwar garke take a ofis, batirin tsare wuta da janareta ko sola na cikin kayan aiki.

A ƙarshe, duk matakin da aka bi wajen kafa tsari a rubuta shi a wurin da abokan aiki za su samu: inda ajiya take, yadda ake dawo da ita, da wanda za a kira idan aiki ya tsaya cikin dare.