Daga Lisans Zuwa Doktora: Tarihin Karatun Gaba da Digirin Farko a Jamhuriyar Nijar

Gabatarwa

Ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a jami'o'in Nijeriya ya san abin da ke gabansa: ya rubuta kundin digiri, ya yi shekara guda ta bautar ƙasa, sannan in yana da niyya ya nemi gurbin digiri na biyu a Zariya, Kano ko Sakkwato. Takwaransa na Nijar ya gaji wani tsari daban daga Faransa, kuma shekaru da yawa matakan sama na wannan tsarin ba a cikin ƙasarsa suke ba. A wurinsa, kammala digirin farko na nufin ɗaure kayan tafiya. Wannan rubutu ya waiwayi yadda aka yi ta ƙoƙarin dawo da waɗannan matakai gida.

Zamanin Karatu a Waje

A lokacin mulkin mallaka, ƙololuwar karatun ɗan Nijar ita ce makarantar horon malamai ta William Ponty da ke Senegal. A can Boubou Hama da Diori Hamani suka yi karatu, kuma daga baya Diori ya koyar da Hausa da Zabarmanci a birnin Faris kafin ya zama shugaban ƙasa na farko. Da aka sami mulkin kai a 1960, babu jami'a ko ɗaya a ƙasar. Wanda ya ci jarrabawar bakaloriya sai ya nufi Dakar, inda aka buɗe jami'a a 1957, ko Abijan, ko kuma Faransa.

Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya bi wannan doguwar hanya. Ya ratsa William Ponty, ya wuce Faris, ya sami babban digirin doktora a kimiyyar fiziya a 1967. Kafin nan, a 1964, ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka, inda ya soki tsarin da Turawa suka bari, ya kuma yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu.

Jami'ar Yamai da Tsohon Tsari

A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. Matakan karatunta irin na Faransa ne. Bayan shekara biyu ɗalibi ya karɓi takardar shaida ta farko, a shekara ta uku ya sami Lisans, a ta huɗu ya rubuta ƙaramin kundi ya sami Metriz. Daga nan sai shekarar DEA, wadda ake horar da shi dabarun bincike, sannan doktora.

Doktorar kanta iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda matashi ke yi cikin 'yan shekaru, akwai kuma babba, wadda kan ci shekara goma ko fiye, kuma ita ce ke kai malami kujerar farfesa. Ayyukan Djibo Hamani sun nuna wannan tazara: nazarinsa kan tarihin Adar ya fito a 1975, babban aikinsa kan sarautar Agadas kuwa sai a 1989. Haka André Salifou ya fara da tarihin Damagaram na ƙarni na 19, wanda aka buga a 1971. Dukansu tarihin ƙasar Nijar suka rubuta, da bayanai daga bakin dattawan ƙasar, amma da Faransanci, kuma a gaban malaman Faransa suka kare shi.

Dalilin haka ba ƙarancin basira ba ne. Ƙa'ida ita ce manyan malamai kaɗai ke duba kundin doktora, kuma jami'ar da ba ta daɗe da kafuwa ba ba ta da su da yawa. Hukumar CAMES, wadda shugabannin ƙasashen renon Faransa suka kafa a taronsu na Yamai a 1968, take kuma da mazauni a Wagadugu, ita ce ke tantance malaman jami'a don ƙarin girma. Sai malami ya hau waɗannan matakai kafin ya horar da na baya, wannan kuwa aiki ne na shekaru.

Shekarun Ƙunci

Muddin kuɗin yuraniyom na shigowa, gwamnati na biyan tallafin karatu, wanda ake kira bursu, tana kuma ɗaukar masu digiri aiki. Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai aka shiga tsuke bakin aljihu, abin ya taɓa bursu da ɗaukar aiki gaba ɗaya. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka taso daga harabar jami'a za su ƙetara gadar Kennedy zuwa cikin gari, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka kashe uku bisa ƙidayar hukuma. Wannan rana na cikin abubuwan da suka kai ga babban taron ƙasa na 1991, wanda André Salifou ya shugabanta. A 1992 aka sa wa jami'ar sunan Abdou Moumouni, wanda ya taɓa shugabantarta, ya kuma rasu a 1991.

Bayan haka yajin aiki ya yawaita, har akan soke shekarar karatu ɗungurungum. A Janairun 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, karatu a Faransa ya ninka tsada a dare ɗaya. Masu neman ci gaba suka ƙara karkata ga jami'o'in maƙwabta. Waɗanda suka fito daga makarantun Larabci da Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda aka buɗe a 1986, suna da hanyar Alƙahira da Khartum. Wasu kuma suka ƙetaro Sakkwato, Kano da Zariya.

Sabon Tsarin LMD

A 1999 ƙasashen Turai suka amince a Bolonya su daidaita digirorinsu zuwa matakai uku, kuma a 2007 ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta, ciki har da Nijar, su bi wannan tsari: Lisans shekara uku, Masta biyu, Doktora uku. Metriz da DEA suka narke cikin Masta. Aka buɗe jami'o'i a Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010, aka ƙara na Agadas, Diffa, Doso da Tilaberi a 2014. Yau ana rubuta kundin doktora a Yamai, a kare shi a bainar jama'a gaban kwamitin malamai, 'yan'uwa da abokai suna zaune suna saurare. Jami'ar Tawa na ɗauke da sunan Djibo Hamani, ta Damagaram kuma sunan André Salifou.

Akwai wani ruɗani da ke tasowa idan mai Lisans ya nemi gurbi a Nijeriya, domin akan ga shekara uku ba ta kai huɗu ba. Sai dai ɗan Nijar yana yin shekara 13 kafin jami'a, wato shida a firamare, huɗu a kwaleji, uku a lise, alhali ɗan Nijeriya 12 yake yi. Idan aka haɗa, kowannensu ya yi shekara 16.

Kammalawa

Matakan karatu sun dawo gida, amma maganar harshe da Abdou Moumouni ya tayar a 1964 tana nan. Akasarin binciken da aka yi a Nijar kan Adar, Gobir, Katsinar Maraɗi da Damagaram da Faransanci yake, yayin da sassan Hausa na jami'o'in Nijeriya suka daɗe suna karɓar kundin digiri na biyu da na uku da Hausa. Ƙasar Hausa ɗaya ce, amma masu nazarinta sun rabu gida biyu, kowane ɓangare bai cika karanta ɗaya ba. A 2025 sabuwar dokar tafiyar da mulkin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ko da wannan mataki zai kai ga rubuta kundaye da Hausa a Yamai, ayyukan da aka riga aka yi suna nan da Faransanci. Don haka ɗalibin Hausa da ke shirin kammalawa, yake kuma nufin yin bincike kan waƙa, karin harshe ko tarihin da ya ratsa iyaka, yana buƙatar ya koyi karanta Faransanci tun kafin ya zaɓi taken kundinsa.