Daɗin Faifan Garmaho, Tilas Ce Ta Haife Shi

Masu sha'awar faifan garmaho kan ce sautinsa ya fi na CD kusa da abin da mawaƙi ya rera. Kunnensu bai yaudare su ba, amma tarihin sana'ar bai goyi bayan hujjarsu ba. Tun 1887, da Emile Berliner ya yi rajistar garmaho a Amurka, damuwar masu yanka faifai ɗaya ce: yadda za a cusa waƙa cikin siririn layi ba tare da allura ta yi tsalle ba. Tsohon faifai mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci. Da kamfanin Columbia ya fito da dogon faifan roba a 1948, mai wuce minti 20 a kowace fuska, sai da aka ƙara matse layukan. Sauti mai kauri irin na ganga shi ke cin wuri, don haka ake rage shi wajen yanka, a ƙara siririn sauti, sannan amfilifaya ta mayar da kowanne matsayinsa lokacin sauraro. A 1954 aka daidaita wannan dabara da ma'aunin da ake kira RIAA. Duk da haka, allura na dosar tsakiya sauti na dusashewa, shi ya sa aka saba ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshen fuska.

Za a ce, to me ya sa faifai ya fi daɗi? CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana iya ɗaukar tazarar desibel 96 tsakanin raɗa da tsawa, faifai kuwa da ƙyar ya kai 70. Sai dai daga shekarun 1990 kamfanonin da ke fitar da CD suka shiga gasar ƙara, suna danne waƙa har hawa da saukarta su ɓace, don kawai ta fi ta wasu amo. Faifai ba ya lamuntar wannan haɗama: a ƙara masa ƙara, lokaci ya ragu, sauti ya gurɓace. Dole mai yanka ya sassauta, kuma sassaucin nan ne kunne ke yabawa.

Masu cewa sirrin yana cikin kauce wa kwamfuta sun sha mamaki a 2022, da aka gano kamfanin Mobile Fidelity ya shafe shekaru yana bi da waƙoƙi ta na'urar dijital kafin ya yanka faya-fayansa masu tsada. Ƙwararrun masu sauraro sun yi ta yaba waɗannan faya-fayan, ba su ji bambanci ba.