Yadda Sikeli Ya Tona Asirin Wuta

Tun fil azal ɗan Adam yake hura wuta, yake kuma kallon tsatsa tana cin fartanyarsa, amma bai san abin da ya haɗa su ba sai a ƙarni na 18. A farkon ƙarnin, wani likita Bajamushe mai suna Georg Stahl ya ce duk abin da ke cin wuta yana ɗauke da wani sinadari da ya kira fulojistan, wanda ke ficewa yayin ƙuna. Itace ya ƙone ya bar toka, fulojistan ya fita. Ƙarfe ya yi tsatsa, shi ma haka. In aka narka tama da gawayi ƙarfe ya fito, to gawayi ne ya ba ta nasa fulojistan.

Bai kamata a yi wa Stahl dariya ba. Ya gane cewa ƙuna da tsatsa uwa ɗaya ta haife su, sai dai ya kifar da lissafin: inda abu ke shiga, shi ya ce fita ake yi. Hujjar da za ta kayar da shi kuwa ta riga shi zuwa duniya, domin tun a 1630 Jean Rey, wani likita a Faransa, ya rubuta cewa dalma tana ƙara nauyi idan aka ƙona ta. Yaya abu zai yi asara kuma ya ƙara nauyi? Wasu magoya bayan Stahl suka ce ai nauyin fulojistan bai ko kai sifiri ba. Mai neman mafita ba ya rasa ƙofa.

Ranar 1 ga Agusta, 1774, Joseph Priestley, wani limamin coci a Ingila, ya tara hasken rana da gilashi a kan jan garin zaiba. Wata iska ta fito wadda kyandir ya ci a cikinta da ƙarfin da bai taɓa gani ba, daga baya kuma ya ga ɓera yana daɗewa a cikinta fiye da iskar yau da kullum. Carl Scheele na ƙasar Suwidin ya riga shi samun iskar, amma littafinsa bai fito ba sai 1777. Dukansu biyu da idon Stahl suka kalli abin da ke hannunsu. Hasali ma Priestley cewa ya yi iska ce da aka tatse wa fulojistan.

A watan Oktoba na 1774 Priestley ya je Faris, ya ba Antoine Lavoisier labari a wajen cin abinci. Shi kuwa Lavoisier mutum ne mai sikeli, ba ya yarda da abin da bai auna ba, kuma tun 1772 ya tabbatar farar wuta tana ƙara nauyi in ta ƙone. Sai ya rufe zaiba da iska a tulun gilashi, ya yi kwana 12 yana ba ta wuta. Jan gari ya taru a kanta, iskar ta ragu, ragowar kuma tana kashe kyandir. Da ya gasa jan garin, sai zaiba ta dawo, iskar da ta ɓace ita ma ta dawo. Ashe ƙuna haɗuwa ce da wani kaso na iska, wanda ya raɗa wa suna oksijin. Bayan haka shi da Laplace suka auna zafin jikin ɓeran Masar da ƙanƙara, suka nuna numfashi ma ƙuna ne a hankali. Wannan haɗuwar ce marinan Ƙofar Mata a Kano ke jira sa'ad da suka tsamo zane daga baba yana kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi.

Lavoisier ma ya yi tuntuɓe. Sunan oksijin yana nufin mai haifar da asid, domin ya zaci babu asid sai da shi, har Humphry Davy ya rushe wannan zato a 1810. Bayan gano ilektaron a 1897 ma'anar ta faɗaɗa: yau duk sinadarin da ya yi asarar ilektaron ana lissafa shi cikin wannan aiki, ko da oksijin ko babu.

Juyin juya halin Faransa bai dubi iliminsa ba. An fille wa Lavoisier kai ranar 8 ga Mayu, 1794, saboda hannunsa a kamfanin da ke karɓar wa sarki haraji. A shekarar ce Priestley ya yi hijira zuwa Amurka, bayan masu tarzoma sun ƙone gidansa a Birmingham a 1791. A 1800 ya sake buga ɗan littafi yana kare fulojistan, ya kuma rasu a 1804 bai janye ba.