Salsalar Ɗan Hausa: Daga Augsburg Zuwa Nasarawar Kano

Duk wanda ya shiga Gidan Ɗan Hausa a Nasarawar Kano, ya ga zankwaye da rufin azara da kaurin bangon ƙasa, da wuya ya tambayi asalin mutumin da gidan ya ci sunansa. Laƙabin ya haɗiye salsalar. Galibinmu mukan ce Baturen Ingila ne, mu wuce. A ganina wannan kuskure ne babba, domin ba za a gane aikin Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, a kan boko ba sai an san gidan da ya fito.

An haife shi a 1876 a Basel ta ƙasar Suwizalan, birnin da harshensa Jamusanci ne. Kakanninsa ma baƙi ne a can. Tushensu Lechhausen ne kusa da Augsburg a Jamus. Suka yi zango a Colmar, sannan a 1649 aka karɓe su 'yan gari a Basel. Da tafiya ta yi tafiya suka zama attajiran saƙar siliki, gidan kuma ya fitar da malaman jami'a.

Mai bin salsala a Basel yana da wani sauƙi da ba mu da shi. A wajenmu Makarfi da Ikara da Kudan, asali yana bakin dattawa da maroƙa, kuma ta wajen uba ake jero shi, dangin uwa kan ɓace bayan kaka biyu ko uku. A Basel kuwa magidanci kan liƙa sunan gidan matarsa a jikin nasa. Mahaifin Hanns shi ne Adolf Vischer-Sarasin, sunan kaɗai ya nuna mana dangin uwa: Sarasin, waɗanda rikicin addini ya koro daga yankin Faransa. Ke nan ta uwa ta uba, jinin masu ƙaura ne.

Hanns ma bai zauna ba. Ya yi karatu a Cambridge, ya zo ƙasar nan ɗan mishan, ya ajiye aikin, ya zama ɗan Birtaniya a 1903, ya kama aikin gwamnati a Barno. A 1906 ya ƙetaro Sahara daga Turabulus tare da ayari. A 1909 ya buɗe makarantar Nasarawa, inda aka koyar da Hausa, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta ta da boko.

Ana iya cewa manufar gwamnatin mulkin mallaka ce kawai ya aiwatar, kuma akwai gaskiya a ciki. Ajamin da malamanmu suka daɗe suna rubutu da shi ya sha kaye a wannan tsari, abin da har yau yake ci mini rai. Amma me ya sa shi ya riƙe Hausa da hannu biyu? Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Ya tashi a garin da Mishan ɗin Basel, wanda aka kafa a 1815, ya yi suna wajen rubuta harsunan mutane. Ɗaya daga cikin ma'aikatansa, Christaller, ya wallafa ƙamus ɗin harshen Twi a 1881. Wannan tarbiyya ce nake ganin ya shigo da ita Kano.

Ko aure ma gida ya koma. Matarsa Isabelle 'yar gidan Tscharner ce ta Suwizalan, ta zauna da shi a wannan gidan ƙasa na Nasarawa, kuma da Faransanci ta rubuta littafin zamanta a Arewa, wanda ya fito a 1917.