Asalin Garuruwan da Ake Kira Gidan Wane

Wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, a jihar Maraɗi, zai lura da wani abu a sunayen ƙauyuka. Nan Gidan wane, can Garin wane, gaba kaɗan Ɗan wane. Har cikin manyan da suka zama mazaunin magajin gari akwai Gidan Amumun da Alasan Mairairai da Sarkin Hausa, duk a ƙasar Mayahi. Daga jin sunan ka san mutum ne. Irin wannan gari, in ka tona, za ka tarar da tsoho guda a gindinsa. Mutanen garin kuwa galibinsu jikokinsa ne da tattaɓa-kunne, saura surukai da baƙin da aka ba gona.

To, mafarin abin yaƙi ne. A 1807 mutanen Shehu Usmanu, a ƙarƙashin Ummarun Dallaje, suka ci birnin Katsina. Sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajajen 1819. Gobirawa su ma suka zauna a Tsibiri. Daga nan ƙasar ba ta sake hutawa ba. Yau Maraɗi ta kai hari kudu, gobe a ramo. Damagaram na gabas, Buzaye na arewa. Talaka ba ya iya nisa da kafi. Gona tana inda za a ji kuwwa a sheƙo gida, dajin da ke bayanta kuwa na maharba ne da makiyaya. Tasawa a lokacin babban zango ce ta ayarin Azbin, a cikinta ne ma Bature Barth ya sauka a watan Janairu na 1851, amma bayan ganuwarta mutum da ransa yake wasa.

Ƙarshen wannan zamani ya zo da wuta. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta biyo tana ƙone garuruwa tun daga yamma. A nan ƙasar Tasawa aka yi ta ta ƙare: Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka turo ya tsayar da su, a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine. Kaburburansu na nan a Mai Jirgi. Nasara suka kafa bariki a Tasawa, daga can suke juya ƙasar, sai a 1927 hedkwatar ta koma Maraɗi. Sun zo da lanho da aikin tilas, amma hari ya mutu. Da hari ya mutu, daji ya buɗe.

A nan ne Gidan wane ya samo asali. Ga misalin zuri'a guda, ba sai na kama suna ba, don labarinta ɗaya ne da na ɗaruruwa. Magidanci ne gona ta yi wa kaɗan, ko sun saɓa da wansa a kan gado, ko yana gudun idon gumin da ke tara lanho. Ya nemi izinin sarki, ya ɗauki gatari da ƙannensa biyu, suka nufi wajen Gulbin Kaba. Damina ta fari a bukka suka yi ta, da rani suka koma gida. Abin da ke mai da sansani gari shi ne rijiya. Ƙasar rairayi ce, sai an yi gaba masu yawa, ana kafe bango da itace don kada ya rufta wa mai haƙa. Ranar da aka ga ruwa aka aika a kwaso mata da yara. Matafiya suka fara cewa za su ratse gidan wane su sha ruwa. Shi ke nan, suna ya zauna. Wanda ya haƙa rijiya shi ke da ƙasa, shi ke yanka wa baƙo gona, mai-garin kuma daga cikin 'ya'yansa yake fitowa.

Mutumin nan ba a san shekarar haihuwarsa ba, ba hotonsa, wani lokaci kabarinsa ma an manta. Duk da haka zuri'arsa ba ta ɓata lissafi ba, don tana da nata ma'aunin. Ba a ƙirga ran tsoho da lamba, da waƙi'a ake ƙirga shi, waƙi'ar kuwa yawanci yunwa ce. Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ita ce babbar iyaka ta mutanen farko: wane ya riga ta, wance a goye take lokacinta. Sai shekarar da aka daina aikin tilas, 1946. Sai zamanin Sawaba da 'yancin kai na 1960. Sai farin 1973 da hawan Kunce a 1974, da mutuwar gyaɗa da ta biyo baya. Sai ta 1984, wadda mutanen Maraɗi suka raɗa wa El Buhari, saboda ta faɗo daidai lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya, hanyar biɗa ta toshe. Ma'aikacin da ya zo yin katin shaida shi ma da wannan ma'auni yake aiki. Ya tambaya, ya kintata, ya rubuta an haifi wance wajajen shekara kaza.

Jika ya zauna kusa da tsohuwa tana saƙar kaba, ya ce, "Kaka, ke shekarunki nawa?"

Ta ce, "Kai mijin banza, mai ƙirga wa matarsa shekaru. Ubana yana rarrafe anka yi Kakalaba. Ni kuwa shekarar da Nasara ya tahi anka kai ni ɗaki. Ubanka mun sa ranar armensa El Buhari ta shigo, dole anka ɗaga, don sa'annan anza muke jiƙawa."

Yaro ya tambayi lamba, ya tashi da tarihin mutum uku. Ya kuma ji cewa anza ɗaci gare ta, sai ta kwana da kwanaki a ruwa ana sauyawa kafin ta ciwu, ilmin da ba a so a sake bukata amma ba a yarda a yar ba.

A nan akwai rashin adalcin da ya kamata a faɗa. Gari sunan namiji yake ɗauka, alhali ajiyar asali a bakin tsofaffin mata take. Su suka san wace ce uwargidan mai rijiya da garin da aka auro ta, ɗakin wa ya yi yawa, ɗakin wa ya ƙare, wa aka ba riƙo, wa ya tafi Kano cin rani bai dawo ba. In maganar aure ta taso tsakanin dangi, su ake tambaya ko akwai nono a tsakani. Amma matar da ta ɗauko tulu ta biyo mijinta cikin daji, ta ci anza ta shayar, ba garin da ke amsa sunanta. Abin da ta samu shi ne takwara. A raɗa wa jika sunanta, sai gida duka su kasa kiran sunan saboda kunya, su koma ce wa jaririya Uwa ko Inna, namiji kuma Baba ko Abba. Shi ya sa za ka ji dattijo da furfura yana ce wa 'yar shekara uku Inna, ba wanda ya yi dariya.

Addini ya ƙara nasa. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in su ke tara waɗanda suka watsu, daga Maraɗi da Yamai da Kano da Agadas. Bayan an shafa fatiha, a nan ake zaunawa a jero tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, yaran birni su ji yadda suka haɗu da wanda suka ɗauka maƙwabci ne kawai.

Yau dajin ya ƙare. Gandun da mai rijiya ya sare an raba shi tsakanin 'ya'ya, an sake rabawa tsakanin jikoki, har gamanar mata ta fara gagara. Saboda haka tuna tsofaffi ya tashi daga hira ya zama hujja. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, aka kuma kafa hukumomin filaye tun daga ƙauye. In rikici ya tashi, tambayoyin ba su sauya ba: wa ya sare wurin nan, kyauta aka bayar ko aro ko jingina, a gaban wa? Sai a ɗauko tsohon da ya fi kowa daɗewa, in ƙafa ta gaza a ɗora shi a amalanke, a kai shi bakin gona. Ya nuna layin gamba, ya nuna gawon da kakan wane ya ce nan ne iyaka, magatakarda na biye yana rubutawa.