Daga Agana zuwa Shan-inna: Tarihin Katin Rigakafin Ɗanka

Kafin ka sa ɗanka a aji ɗaya a Jega, Aliero ko Maiyama, ya kamata ka san tarihin katin rigakafinsa.

A da, idan agana ta shiga gari takan kashe yara, ta makantar da wasu. Daga 1967 aka bi ƙauyukan Afirka ta Yamma ana yin lamba, wadda tabonta ke damtsen dattawanmu har yau. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewar agana a doron ƙasa.

Shan-inna kuwa sai da aka sha wuya. A 2003 aka dakatar da ɗigonsa a Kano bisa zargin yana hana haihuwa, ba a ci gaba ba sai Yulin 2004. Cutar ta samu sarari, ta tsallaka har Yaman da Indunusiya. A 2009 sarakunan Arewa, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka shiga yaƙin. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Amma ƙyanda da mashaƙo suna nan, kuma aji cike da yara shi ne kasuwarsu. Duba katin: ranar haihuwa, mako 6, 10 da 14, wata 9 da 15. Idan akwai giɓi, asibitin gwamnati mafi kusa zai cike shi kyauta. Rigakafi ya fi magani.